Cikin da Na Ɓoye har Dahome

A shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi aka kuma biya su na baya a dunƙule, Kafanchan ta rikice. Wanda bai iya keke ba ya sayi babur, gidan da ba wuta aka kai firji aka ajiye littattafai a ciki. Mijina, malamin makaranta kamar ni, bai sayi komai ba. Shi dai ya ce yana so ya taka ƙasar waje, a buga masa hatimi a fasfo, ya ji Faransanci a bakin masu shi. Ya shimfiɗa taswira a tebur ya bi ta da yatsa: jirgin ƙasa zuwa Legas, mota zuwa Dahome, daga can Togo, mu dawo kafin dogon hutu ya ƙare.

Na ce to. A lokacin ina da ciki wata huɗu ba 'yan kwanaki, ban kuma gaya masa ba.

Wannan shi ne na uku. Na farko na faɗa wa duniya, har zumuntar mata suka zo gida suka yi waƙa da addu'a, ya zube a wata na uku. Na biyu mijina da uwarsa kaɗai suka sani, na kwanta kamar yadda aka ce mini a asibiti, ko tsintsiya ban ɗaga ba, shi ma ya tafi. Bayan nan na ƙi jinin ranar Lahadi, saboda sannun da mata ke yi mini a bakin coci, irin wadda ake yi ana kallon zanen mutum. Uwata ta zo daga Fadan Kaje ta zauna a bakin gadona, ba ta lallashe ni ba. Ta ce surutu da kwanciya ne suka ɓata mini su. Ita mu bakwai ta haifa, ba wanda ta taɓa gaya wa, kuma ranar da ta haife ni daga gonar acca ta dawo da ƙafarta. Na yarda da ita, don ba ni da wani abin da zan yarda da shi. Na ƙudura cewa na ukun nan ba mai jin sa daga bakina, kuma ba zan yi masa gata ba.

Akwai kuma halina. Ni mai maƙo ce, duk makarantar an sani, mijina ma ya sani tun kafin ya kai kaya gidanmu. In na wayi gari na ce ina son kujera mai laushi, da ya dube ni ya gane. Saboda haka na shirya tafiyar yadda aka san ni. Akwai wata Baturiya da ta taɓa koyarwa tare da mu, mai yawo da jaka a baya da takalmin taya, tana kwana a tasha duk da a ƙasarsu ake buga kuɗi. Na ce in ita ta iya, ni 'yar manoma me zai hana ni. Na samo buhun fulawa biyu na ɗinka musu hannuwa, na cika da garin acca, ƙuliƙuli, busasshiyar citta, kofi biyu da tabarma. Na je wurin fasto ya rubuta mana takarda, irin wadda muke riƙewa in za mu Jos ko Zariya, a nuna a kowace coci a ba mutum wurin kwana da tuwo.

Mijina ɗan Samaru Kataf ne, yarenmu ba ɗaya ba, sai muka haɗu a Hausa, irin tamu wadda ba ta tsayawa raba mace da namiji. Ya dawo daga tashar jirgi ana gobe za mu tashi, yana murna.

"Malama, fes kilas ɗin ba tsada fa. Akwai gado, akwai ƙofa, ka kulle abinka ka kwanta har Legas."

Na ce, "Gado muka rasa a gida? Wanda ya kwanta da wanda ya zauna, ai lokaci ɗaya za su sauka."

"Kwana biyu ne a kan bencin katako."

"An haife mu a kan kushin ne?"

Ya koma ya sayo na katakon.

Ban san tsoro yana da nauyi a jiki ba sai a jirgin nan. Duk tashar da aka tsaya, in taragai suka bugi juna, sai in ji bugun a ƙasan marata, in riƙe numfashi ina jira. Ga mutane maƙil, ga kaji, ga buhunan doya a ƙarƙashin ƙafa. Nakan tsallake su in je bayi, ba don ina jin fitsari ba, sai don in duba zanena. In na ga ba komai, in dawo da fara'a har in tsokani mijina cewa ga masu fes kilas can a kulle kamar fursuna, ba su ga gari ba. Bayan sa'a ɗaya kuma in sake tashi. Da muka hau gadar Jebba kowa ya leƙa taga yana kallon ruwa, ni ina lissafin nisan da ke tsakanina da asibitin Kafanchan.

A Legas takardar fasto ta yi aiki. Wani soja ɗan wajenmu da muka tarar a coci ya karanta layi biyu kawai, matarsa ta ɗora tukunya. Wannan ya ƙara mini girman kai. Na ce wa mijina ka gani, wanda yake da coci ba ya biyan kuɗin ɗaki.

Muna ƙetare iyaka abin ya canja. A Kwatano muka yi ta yawo da jakunkuna a baya har muka sami wata coci. Mutumin da ke bakin ƙofa ya karɓi takardar da ladabi, ya juya ta gaba da baya, ya yi mana magana mai tsawo wadda ba mu kama ko kalma ɗaya ba, ya miƙo mana abarmu. Muka gwada ta biyu, a rufe take. Takardar da nake gani kamar mabuɗin duniya ta zama fallen takarda mai Turanci da hatimin wani ƙauye da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Ƙafafuna suka kumbura, bayana ya riƙe, rana ta yi sanyi.

Kusa da tashar mota akwai wani ƙaramin otal mai fenti shuɗi, da furanni a tukwane. Mijina ya shiga ya fito.

"Na ga ɗakin. Akwai fanka, akwai famfo a ciki, zanen gado fari. Da kuɗinmu na Najeriya kamar kyauta ne, Malama. Don Allah."

Ni kuwa otal ɗin da na sani su ne na bayan tashar jirgi a Kafanchan, inda ake kiɗa da giya, mata na zaune a bakin ƙofa da jan baki. Matar aure 'yar zumunta ba ta ko bin layin. Na ce masa ni ba zan kai ƙafata gidan karuwai ba, ko a wace ƙasa ne.

"Ba irin wannan ba ne. Na ga wata tsohuwa da jikokinta a ciki."

"To ka je ka kwana da tsohuwar."

Gaskiya ina son ɗakin nan. Na hango labulen yana motsi da iskar fanka, jikina duka ya ce in shiga. Amma muryar uwata na kunnena, kuma na riga na yi baki. Muka shimfiɗa tabarma a rumfar tasha cikin fatake, na dama acca da ruwan da ban san daga ina aka ɗebo ba.

Da safe motoci iri biyu ke lodin Lome, babban birnin Togo. Akwai Fijo mai ɗaukar mutum kaɗan, akwai babbar mota mai bodin katako da aka jera wa allunan zama a kan kaya. Mijina bai ma tambaye ni ba, ya nufi Fijo. Na ja rigarsa. Wannan karon ya yi fushi, abin da ba ya yi, ya ce me ya sa komai sai na mai da shi wahala, kuɗin nan don me aka ba mu. Na ce don a gina gida aka ba mu, ba don a zauna a kai a ƙone a titi ba. Mutane suka fara kallonmu. Shi ba ya son a kalle shi, ni kuwa na san haka. Muka hau babbar motar, can baya, daidai kan taya.

Titin yana da kwalta, amma damina ta ci shi, motar kuma ba ta da sauran laushi. Kowane rami sai allon ya ɗaga ni ya maka. Na dafe da hannu biyu don in rage bugun, na yi ta karanta Addu'ar Ubangiji a zuci, in na kai ƙarshe in koma farko. Ta hagu ana hango teku tsakanin itatuwan kwakwa, mijina ya nuna mini don a shirya, ban ko juya ba. Wajen tsakar rana marata ta murɗa, irin murɗar da na sani. Na ce wa kaina yunwa ce. Ta sake murɗawa. Sai na ji ɗumi yana bin cinyata.

Na zura hannu ƙarƙashin zane na fito da shi. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon yatsuna ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne ba na jin yaren kowa a motar nan, ban san sunan garin da ke gaba ba, kuma in na mutu a nan ba wanda zai san inda zai aika.

Na taɓa gwiwar mijina na nuna masa hannun. Na ce, "Malam, ina da ciki."

Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙe ya shiga dukan bodin motar da tafin hannu yana ihu da Hausa, da Turanci, da yarensu, har direba ya tsaya. Mun shigo gefen wani ƙaramin gari ke nan. Aka sauko da ni. Wata mata mai sayar da goro da ke cikin motar ta sauko tare da mu, ta dube ni ta ce da Hausa tsantsa, "Wata nawa, 'yar uwa?" Tun Legas ban ji Hausa a bakin wani ba, sai kawai na fashe da kuka. Ashe 'yar zangon garin ce. Ta ce asibiti yana da nisa, amma akwai ungozoma, kuma kafin a kira ta dole in kwanta a wuri mai kyau. Ta nuna wani gida a tsallaken titi mai allo a ƙofa. Otal ne. Mijina ya ɗauke ni cak ya shiga da ni, wannan karon ban ja rigarsa ba.

Mai gidan wata ƙatuwar mace ce ɗaure da atamfa har ƙirji. Ba mu da kalma ɗaya da muka haɗa, amma ta kori maza daga ɗakin, ta sa filo biyu ƙarƙashin ƙafafuna, ta wanke ni da ruwan ɗumi kamar 'yarta. Na ɓata mata farin zanen gado, na yi ta nunawa ina ba da haƙuri, ta buge mini hannu. Ungozoma ta zo da farar riga da jaka. Ta duba ni, ta danna, ta ɗora wani ƙahon katako a cikina ta kara kunne. Ta daɗe. Ta matsar da shi ta sake karawa. Ina kallon fuskarta, ba abin da na iya karantawa.

Mai goro ce ta fassara. Cikin bai fita ba, bakin mahaifa a rufe yake. Amma ungozoma ba ta ji bugun zuciya ba, wataƙila don ya yi ƙanƙanta, wataƙila kuma ba don haka ba. In kwanta, ko bayi kada in tashi. In yana da rai, ya isa ya fara motsi cikin 'yan kwanakin nan, zan ji da kaina. In sati biyu suka wuce ban ji ba, ko zazzaɓi ya zo, a kai ni babban asibiti a cire shi kafin ya taɓa ni.

Ban taɓa jin motsin ɗa ba. Na tambayi mai goro yaya yake, ta ce kamar ƙaramin kifi ya juya a cikin kwano.

Haka na kwanta ina sauraren cikina. Fanka na juyawa a sama, ana jin teku daga bayan gidan ba ya tsayawa. Jinin ya ragu a rana ta biyu, ya dawo kaɗan a ta uku, ya ɗauke. Duk kukan hanji sai in kwanta tsit, sai in gane iska ce. Nakan taɓa goshina sau ba adadi ina neman zazzaɓi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wataƙila gawa nake ɗauke da ita, ina mata magana, ina ba ta haƙuri. Mai gidan na kawo romon kifi da burodi mai tsawo, ina ci don an ce in ci. Mijina ke ɗauke kwanon fitsari ya wanke a famfo, abin da in aka ji a Samaru Kataf za a yi shekara ana maganarsa.

Kwana huɗu bai ta da zancen ba. Na gaji da jira, na gwammace ya zage ni. Da la'asar yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, na ce masa ya faɗi abin da ke ransa, na ɓoye masa, na kuma kashe masa ɗa da taurin kai.

Ya ce, "Ka ɗauka ban sani ba?"

Na juyo da kai.

"Tun watan da ka daina shanya tsummoki a bayan banɗaki na sani. Ka daina shan shayi da madara. Kana tashi da safe kana zuwa bayan gida kana amai a hankali don kada in ji."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na farko ni na kai wa fasto labari. Na biyu ni na gaya wa Mama. Sai na ce ko bakina ne." Ya murza yatsun ƙafarsa. "Kuma na san in aka yi hutu za ka tafi Fadan Kaje, uwarka ta ba ka fartanya. Shi ya sa na kawo maganar tafiya. Ni me zan yi da Togo? Na ce in na sa ka a gado cikin jirgi, na sa ka a otal, za ka kwanta wata guda, ba gona, ba idon mutane, ba kuma sai wani ya ce komai ba."

Na rufe fuskata da filo. Duk wurin da ya roƙe ni ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da irin amsar da na ba shi. Na yi kukan da ban yi ba a na farko da na biyu, shi kuma ya ce in daina, ungozoma ta ce kada in jijjiga jikina.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi tsawo. Yanzu mu biyu ne ke jira, kuma duk juyin da na yi sai ya ɗago kai ya dube ni, in girgiza masa kai. Ungozoma ta dawo da ƙahonta a rana ta bakwai, ta saurara, ta tafi ba ta ce a fassara komai ba. Mai goro ta fara maganar wani direba da ta sani wanda zai iya kai mu babban asibiti a hankali. Na ji su da mijina a bakin ƙofa suna sa rana.

A rana ta goma da hantsi na matsa masa ya fita. Teku na bayan gidan, tafiyar minti kaɗan, bai taɓa zuwa ba. Na ce ya je ya gani ko don ya sami abin faɗa wa ɗalibai, ni kuma in huta da idonsa. Ya fita ba da son ransa ba.

Ina kwance a rigingine ina kallon fanka, sai wani abu ya taɓa ni daga ciki, ƙasa da cibiya ta hagu. Ban yarda ba. Na daina numfashi, na ɗora tafin hannu a wurin, na jira har kunnuwana suka fara ƙara. Ya sake, sau biyu a jere, ƙarami amma ba iska ba ne. Wannan ɗin ita ce babbar 'yata, wadda yau take da nata jikokin, amma a ranar ban san haka ba, abin da na sani kawai akwai mai rai a cikina.

Sai wani tsoron ya taso. Ina jin takun mijina a baranda yana dawowa, ina ce wa kaina in yi shiru, in bari sai gobe, sai jibi, sai ungozoma ta gano da kanta. Ya shigo riƙe da takalmansa, ƙafar wandonsa a jiƙe, yashi har idon sawu. Ya dube ni yadda ya saba, yana jiran in girgiza kai.

Na ce, "Ya motsa."

Ya tsaya a bakin ƙofa kamar bai ji Hausa ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har mai gidan ta leƙo daga baranda. Ya saki takalman, ya zo ya durƙusa a gefen gadon, ya ɗaga hannu ya rasa inda zai sa. Na kama hannun, da gishirinsa da yashinsa, na ɗora a wurin, muka jira tare.